Furen da Ke Bakin Tagar Ɗakin Yara

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, ƙanena kuma shi ne auta, tsakaninmu shekara tara, saboda haka a bayana ya yi wayo, kuma idan ya farka cikin dare ni yake fara kira kafin Inna. Ina aji huɗu a makarantar sakandare, shi yana ɗan shekara bakwai, a tsakiyar wata damina ya fara kukan haƙori. Da Inna ta duba bakinsa ta ga haƙora biyu suna girgiɗi, sai aka ce famfara ce. Bayan mako guda kumatunsa na dama ya tasa, aka ce hangum ne. Da kumburin ya ƙi sauka aka kai shi wurin wanzami, daga nan aka kai shi wurin wani mai magani a ƙauyen da ke gaba da namu, wanda ya duba shi ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, duk wanda ya bari aka yi masa allura ya tsokano wa kansa. Baba ya yarda, kamar yadda kusan kowa a garinmu zai yarda a lokacin, aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da turare har mako bakwai.

Ranar da Baba ya ga idon yaron ya fara turowa waje, bakinsa kuma ba ya rufuwa, sai ya ajiye maganar kowa, muka shiga motar haya zuwa wani babban asibitin koyarwa, tafiyar awa huɗu daga gida. Tare da Inna aka tafi da ni, domin ni kaɗai ce a gidan nake iya karanta takardar likita, kuma likitan da ke kula da ɗakin yara ba ya jin Hausa. Bayan an ɗebi ɗan nama daga kumburin an auna, sai ya ce ciwon daji ne na kaluluwa, irin wanda wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya fara bayyanawa a 1958 bayan ya ga yara da yawa da shi a Yuganda, kuma ya fi yawa a ƙasashen da zazzabin cizon sauro ya yi katutu. Ya ce ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan saurin ne kuma yake sa ya ji magani fiye da yawancin ire-irensa.

Magunguna biyu aka fara sa masa ta jijiya. Ɗaya daga cikinsu yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, sunansa binkiristin, kuma ba ya jure zafi, don haka ni nake zuwa kemis in karɓo shi a cikin fulas da ƙanƙara, ina tafe ina rungume da shi kamar ƙwai. Cikin kwana biyar kumburin ya saɓe, idon ya koma gurbinsa, yaron da ya yi wata guda yana shan koko da ƙyar ya ce ƙosai yake so. A bakin tagar ɗakin an jera tsofaffin tayoyin mota da aka shafa wa farin fenti, an shuka wani fure a ciki, mai ganye kore shar mai sheƙi da fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar. Kullum da safe sai ya ce, “Yaya, tsinko mini ɗaya,” ya zauna yana ƙirga kunnuwan yana cire su ɗaya bayan ɗaya.

Likita ya ce sau shida za a yi masa maganin, ana ba da tazara a tsakani. A karo na biyu Baba ya sayar da bijimin nomansa. A karo na uku maganin ya yanke a asibitin, wanda muka samu a cikin gari kuma mai shagon da kansa ya ce an yi kwana uku babu wuta, bai san ko yana da sauran ƙarfi ba. Kaka ta matso, gero ya nuna a gona babu mai girbi, fuskar yaro ta koma daidai, sai Baba ya ce Alhamdu lillahi, ya warke, gida za mu tafi. Likita ya kira mu ofishinsa, ya dube ni ya ce in gaya wa mahaifina cewa idan aka tafi da yaron nan yanzu ciwon zai dawo, kuma idan ya dawo zai kashe shi. Na dubi Baba, na ga yadda ya rame, na tuna babu sauran abin sayarwa, kuma ban taɓa furta kalmar mutuwa a gabansa ba. Abin da na ce shi ne, “Baba, likita ya ce da so samu ne a ƙara kwana biyu.” Baba ya ce a yi masa godiya, ya dangwala hannu a takarda, muka tafi.

Bayan wata biyu, da sanyin hunturu, ƙanena ya tashi da safe ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, domin ciwon ya koma lakar bayansa. Bai ga ƙarshen hunturun ba. Ban gaya wa kowa abin da likita ya faɗa da abin da ni na faɗa ba, kuma wannan 'yar jimla da na sassauta ita ce na yi shekara fiye da ashirin ina ɗauke da ita.

Na shiga jami'a na karanta kimiyyar sinadarai, kuma a shekara ta uku, a darasin sinadaran da ake samu daga tsirrai, malaminmu ya haska hoton wani fure a bango, sai gabana ya faɗi, domin furen nan ne na cikin tayoyi. Ya ce sunansa na kimiyya Catharanthus roseus, asalinsa daga tsibirin Madagaska, kuma daga ganyensa ake samun binkiristin. Ya ba mu labarin yadda wasu masu bincike biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka samu ganyen daga Jamaika, inda mutane ke shan shayinsa don ciwon suga, suka gwada shi a kan ɓeraye da fatan ganin suga ya sauka, amma maimakon haka sai fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen suka zube. Daga wannan kuskuren suka ware binbilastin, suka sanar da shi a 1958, kuma ba da jimawa ba masu binciken kamfanin Eli Lilly a Amurka suka ware ɗan uwansa binkiristin, wanda aka amince da shi a matsayin magani a 1963 da sunan Oncovin. Na yi lissafi a gefen littafina na ga cewa maganin ya girmi ƙanena da shekaru masu yawa, amma a lokacin ban tsaya a kan wannan lissafin ba. Abin da na ɗauka daga darasin shi ne cewa maganin yana da tsada saboda ganyen yana da rowa, tunda sai an tara busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a samu giram ɗaya na binbilastin, binkiristin kuma ya fi haka ƙaranci, sannan yana da illa, kuma wasu ƙwayoyin cutar suna koyon kauce masa. Na ƙudura a raina cewa ni ce zan gyara shi.

A nan ya kamata in yi wata magana, domin duk lokacin da na ba da wannan labari sai wata ta tambaye ni ko ta dafa ganyen ta ba mai ciwo. Kada a yi haka. Tsiron yana ɗauke da alkaloyid fiye da ɗari, wato irin sinadaran nan masu ɗaci da ke ɗauke da naitirojin waɗanda tsirrai ke yi don kare kansu, dangin kwinin da nikotin na taba da abin da ke hana mai cin goro barci. Wanda ake nema a cikinsu ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ba ya shiga jini yadda ya kamata ta hanyar ciki, sauran kuma suna iya cutar da mutum. Ko a asibiti ta jijiyar jini kaɗai ake ba da binkiristin, kuma idan aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka, kisa yake yi.

Yadda maganin yake aiki shi ne abin da ya fi kama hankalina. Duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta miƙa waɗansu zaruruwa daga gefe zuwa gefe, kamar yadda masaƙi yake ja zarensa kafin ya fara saƙa, kuma da waɗannan zaruruwa take jan kayan gadonta gida biyu. Da wani furotin mai suna tubulin ake murza zaren, alkaloyid ɗin furen nan kuma manne wa tubulin suke yi su hana shi haɗuwa, sai ƙwayar ta tsaya a tsakiyar rabuwa ta mutu. Ƙwayar ciwon daji ba ta hutawa da rabuwa, shi ya sa ta fi kowa jin jiki. Binbilastin da binkiristin kowannensu yana da zarra fiye da ɗari, wato ƙananan ɓurɓushin da ake gina kowane sinadari da su, kuma a wuri ɗaya tak suka bambanta, amma wannan ɗan bambanci ya sa na farko ya fi taɓa ɓargo, ana amfani da shi a wani ciwon dajin kaluluwa da ake kira Hodgkin da kuma dajin maraina, na biyu kuma ya fi taɓa jijiyoyi, yana sa yatsu su mutu, ƙafa ta riƙa ja, ciki ya ɗaure, amma shi ne ginshiƙin maganin sankarar jini ta yara. Wanda ya ga haka dole ya yi tunanin cewa idan sauya wuri ɗaya ya haifar da wannan, to akwai wani wurin da idan aka taɓa za a samu ƙarfin ba tare da illar ba.

Faransawa sun yi nisa a wannan fage. A cibiyar binciken sinadaran tsirrai da ke Gif-sur-Yvette, kudu da Faris, Pierre Potier da abokan aikinsa sun gano a tsakiyar shekarun 1970 yadda za a ɗauki rabi biyu na maganin, katarantin da bindolin, waɗanda ganyen ke da su da ɗan yawa, a ɗinke su a cikin kwalba. Daga wannan hanya suka samu binorelbin, wanda aka amince da shi don masu ciwon dajin huhu a Faransa a 1989 da sunan Navelbine. Daga baya masu bincike a Poitiers, tare da kamfanin Pierre Fabre, suka yi amfani da wani asid mai tsananin ƙarfi suka dasa zarrar fulorin biyu a jikin sinadarin, aka samu binfulunin, wanda Turai ta amince da shi a 2009 don ciwon dajin mafitsara. Da na samu tallafin karatun digiri na uku a wata jami'a a Faransa, a wani ɗakin bincike da ke aiki a kan waɗannan sinadarai, na ɗauka ƙafata ta riga ta hau hanya. Na yi aure a lokacin, ina da 'ya mai shekara uku. Maigidana ya amince, Inna ta karɓi yarinyar, kuma tun a filin jirgi ya fara tsokanata da Dakta.

Aikin da aka ba ni shi ne in nemo wanda zai fi ƙarfin ƙwayoyin da suka koyi turjiya. Irin waɗannan ƙwayoyi suna da wani furotin a bangonsu da ke kwarfe maganin waje da zarar ya shiga, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale, kuma fatanmu shi ne idan aka rataya wa sinadarin wani reshe a wurin da ya dace, mai kwarfar ba zai gane shi ba. Shekarata ta farko ta tafi a koyon ɗinkin rabi biyun nan kawai. Dole a yi shi cikin sanyin da ya kai kusan digiri 50 ƙasa da sifiri, a cikin kwano mai busasshiyar ƙanƙara da ke tururi, domin idan ya ɗan ɗumama rabin biyun suna haɗuwa ta fuskar da ba ita ba, a samu abu mai nauyi ɗaya da zarra iri ɗaya, amma kamar takalmin hagu a ƙafar dama, ba ya kama tubulin ko kaɗan. Sau da yawa na yi kwana biyu a kan aiki, in auna in tarar takalmin hagu na ɗinka.

Bayan haka sai na koyi dasa zarrar aidin a gefen sinadarin, sannan in cire ta in maye gurbinta da reshen da nake so, da taimakon ƙarfen faladiyom da wani mahaɗi na kuza wanda shi ne yake ɗauko reshen. Kowane sabon sinadari yana cin mako biyu ko uku, galibinsu a tacewa, ina zaune gaban dogon bututun gilashi cike da farin garin silika ina tarar ɗigo a ƙananan kwalabe, hannuna cikin safar roba biyu domin abin guba ne. A ƙarshe abin da nake samu farin gari ne da bai wuce nauyin ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba. Sai in kai wa masu gwaji a bene na sama, su zuba shi a faranti mai gurabe 96 kamar gurbin dara, kowane gurbi da ƙwayoyin ciwon daji a ciki, bayan kwana uku su ɗiga wani rini rawaya. Inda ƙwayoyin ke da rai rinin yana juyewa shunayya, inda suka mutu kuma yana nan rawayarsa. Shekara ɗaya da rabi ina hawa benen nan ina ganin shunayya, domin kusan duk abin da na rataya wa sinadarin rage masa ƙarfi yake yi.

Na ashirin da bakwai ne ya zo da rawaya. Ya kashe ƙwayoyi masu jin magani, ya kuma kashe masu turjiya da ƙarfi kusan ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da muke nema. Aka maimaita sau uku, sakamakon bai sauya ba. Farfesan da ke duba aikina, mutumin da ba ya yawan magana, ya sayo kek ya kawo ɗakin bincike. Na kai sakamakon wani taron masana, muka fara rubuta maƙala, aka fara maganar gwaji a kan ɓeraye. A daren farko na kira Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ce 'yar fari, na ce, “Inna, da alama an dace.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, Allah Ya sa ya amfani 'ya'yan mutane.”

Abu biyu ne ba su zauna daidai ba, kuma tun farko na gan su. Na ɗaya, da aka gwada sinadarin a kan tubulin shi kaɗai, ba tare da ƙwayar halitta ba, kamun da ya yi masa rauni gare shi, kuma babu yadda za a yi abin da ba ya kama tubulin sosai ya yi irin wannan kisa, sai dai idan ta wata hanya yake yi. Mun rubuta cewa wataƙila sabuwar hanya ce, ni kuwa wannan bayani ya yi mini daɗi fiye da kima. Na biyu yana cikin zanen da na'urar maganaɗisu ta NMR take fitarwa, wanda yake kama da jerin tsaunuka, kowane tsauni yana nuna wani sashe na sinadarin. A can ƙarshen dama akwai waɗansu 'yan tuddai da ba na sinadarina ba. A wannan wurin ne maiƙon da ake shafa wa bakin gilashi yake fitowa, kowane ɗalibi ya san haka, don haka na rubuta maiƙo a kansu da fensir na wuce.

Wata ranar Juma'a da daddare, ina shirya zane-zanen da za a haɗa da maƙalar, na faɗaɗa wannan gefen a kwamfuta don in goge rubutun fensir ɗin, sai na ga tuddan suna da tsarin da maiƙo ba ya da shi. Tsarin mahaɗin kuzan nan ne da nake amfani da shi. Jikina ya yi sanyi tun daga kai har ƙafa. Kuza a matsayinta na ƙarfe, irin wadda aka yi shekaru ana haƙowa a Jos ana shafe gwangwani da ita, ba ta da wata babbar illa, amma idan aka ɗaura mata rassan kabon guda uku sai ta zama dafi mai kashe kowace irin ƙwayar halitta, shi ya sa aka daɗe ana sa ta a fentin jiragen ruwa don kashe halittun da ke manne musu, har aka haramta hakan a duniya a 2008. Irin wannan dafi babu ruwansa da tubulin, babu ruwansa da mai kwarfar ruwa, mai jin magani da mai turjiya duk ɗaya ne a wurinsa.

Ban gaya wa kowa ba. Asabar da Lahadi na shiga ɗakin binciken ni kaɗai, na wanke ragowar sinadarin da gishirin fuloraid wanda yake kama kuza, na sake tace shi sau uku har tuddan suka ɓace, ranar Litinin na kai sama da wata lamba dabam, na ce sabon abu ne. Ranar Alhamis na hau na duba farantin. Layin ƙwayoyi masu turjiya shunayya ne daga farko har ƙarshe.

Kwana huɗu na yi da wannan sani a cikina, kuma ba zan ce ban yi tunanin yin shiru ba. Tallafin karatuna saura wata biyar ya ƙare, 'yata ta shiga firamare ba tare da na taɓa raka ta ba, dangin maigidana sun fara tambayar wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa, kuma duk abin da zan nuna na shekara uku yana kan wannan lamba ashirin da bakwai. Na gaya wa kaina cewa ba ƙarya zan yi ba, alkaluman da ke cikin maƙalar duk an auna su da gaske, kawai dai ba zan ƙara wani bayani ba. Ina cikin wannan lissafi a daren na uku sai na gane muryar, domin ita ce muryar yarinyar da ta ce da so samu ne a ƙara kwana biyu. Ita ma ba ƙarya ta yi ba, rage wa magana nauyi kawai ta yi don kada ta ga fuskar mahaifinta ta canza. Zan kuma faɗi gaskiya cewa tsoron tonuwar asiri yana cikin abin da ya tura ni, domin duk wanda ya sake haɗa sinadarin da tsabta zai gano, ko da bayan an kashe ɓeraye da kuɗi da shekarun wani ɗalibin. Na kira maigidana na gaya masa komai, ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Dakta, gobe da safe ki je ki same shi. In shekara za a ƙara, mu muna nan.”

Na shiga ofishin Farfesa da zane biyu da hoton faranti biyu, na ajiye a gabansa, na yi bayani ba tare da na rage komai ba, har da lambar ƙaryar da na sa wa samfurin. Ya daɗe yana kallon tuddan nan, ya ce shi ma ya gan su a watannin baya ya ɗauka maiƙo ne. Sannan ya tambaye ni guda nawa na haɗa ta hanyar kuza, na ce goma sha ɗaya, ya ce in je in sake tace su duka a sake gwadawa, shi kuma zai rubuta wa waɗanda suka shirya taron ya janye abin da muka gabatar. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba, kuma a ranar na fi son a ce ya yi ɗaya daga ciki.

Shekara ɗaya da rabi aka ƙara, babu tallafi. Da rana ina ɗakin bincike, da yamma ina renon 'ya'yan wata mata a unguwarmu don in biya kuɗin ɗaki, kuma a hunturun shekarar na yi makonni ina tashi sallar asuba in koma in kwanta in rasa dalilin tashi, har sai da wata abokiyar aiki 'yar Maroko ta ja ni zuwa wurin likita. Abin da ya ɗan riƙe ni a lokacin shi ne tarihin wani alkaloyid ɗin, kamtotesin, wanda Monroe Wall da Mansukh Wani suka ware daga wata bishiyar ƙasar Sin a 1966. Ba ya narkewa a ruwa, kuma da aka gwada shi a kan marasa lafiya a farkon shekarun 1970 ya jawo zubar jini a mafitsara, aka watsar da shi. Sai a 1985 aka gano ainihin abin da yake kamawa a cikin ƙwayar halitta, aka koma aka gyara shi, aka samu irinotekan a Japan a 1994 da topotekan a Amurka a 1996. Shekara talatin ke nan, kuma mafi yawan waɗanda suka yi aikin a tsakani babu wanda ya san sunansu. A dangin furen nan ma, cikin ɗaruruwan da aka haɗa tun shekarun 1960, uku ne kacal suka kai ga gadon asibiti, wato bindesin da binorelbin da binfulunin. Kundin digirina ya fito a matsayin bayanin wuraren da idan aka taɓa a jikin sinadarin ƙarfinsa yake raguwa, da babi guda a kan yadda ake gane ragowar kuza kafin a kai samfuri gwaji. Ba shi na je nema ba, amma abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Da na dawo gida, bayan an gama gaishe-gaishe an watse, Inna ta ce, “To, 'yar nan, an samo maganin?” Na ce ba a samu ba, Inna, ana dai kan nema. Amsar da ta fi wannan cika ita ce maganin da zai iya warkar da ɗanta yana nan tun kafin a haife shi, har na riƙe shi a hannuna cikin fulas, amma ban ga amfanin ɗora wa tsohuwa wannan nauyi ba, Baba kuma ya riga ya rasu. Na san wannan ma sassauci ne, kuma har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba, sai dai na ga cewa a wannan karon babu ran da ya rataya a kan maganar.

Yanzu ina koyarwa a wata jami'a a Arewa. Ba mu da na'urar NMR, saboda haka ɗinkin katarantin da bindolin ya fi ƙarfin ɗakin bincikenmu, amma muna da na'urar da ke auna yawan magani a cikin ruwa, kuma da ita ni da ɗalibaina muke duba kwalaben binkiristin da iyaye ke sayowa, mu ga ko abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, ko zafi ya riga ya cinye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma tun 2018 ta sa burin a kai kashi 60 kafin 2030. Magungunan da ke tsakanin waɗannan alkaluma biyu tsofaffi ne, da yawansu sun girme ni. Ban daina ganin darajar aikin gyaran sinadarai ba, domin na ga masu ciwon huhu da na nono da binorelbin ya ƙara wa kwana, kuma na ga yaran da binkiristin ya bar su suna jan ƙafa, waɗanda suka cancanci wanda ya fi shi sauƙi. Amma ranar Laraba da yamma ɗakin yara na asibitin da ke kusa da mu nake zuwa, in zauna da iyaye.

Larabar da ta wuce na tarar da wani dattijo daga ƙauye yana naɗe tabarma. An yi wa ɗansa zagaye biyu, kumburin muƙamuƙi ya sauka, yaron yana zaune a bakin gado yana cin gyaɗa, shi kuma ya ce wake ya bushe a gona kuma kuɗin mota ma aro ya yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ina neman izini in faɗa maka magana mai nauyi. Ciwon nan bai tafi ba, kwanciya ya yi. Idan aka tsaya a nan zai dawo, kuma idan ya dawo yaron nan mutuwa zai yi. Na ga haka da idona a kan ƙanena.” Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, ya ce rai a hannun Allah yake, na ce haka ne, Baba, maganin ma Shi Ya saukar da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce zai je ya roro waken ya sayar da buhu biyu ya dawo da yaron ranar da likita ya rubuta. Na rubuta masa lambar wayata a bayan katin asibitin, na karɓi ta wani maƙwabcinsa mai shago. Ranar Talata ce aka rubuta musu, yau kuma Lahadi, na kira mai shagon sau biyu wayar ba ta shiga ba.